Lissafi Mai Yoyo

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Yau kwana huɗu da Uwata ta koma gidan gwaggonta. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, kuma sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanta na yanka ba. Jaka ɗaya ta ɗauka da kwamfutarta. Takalmanta suna nan jere a bakin ƙofa. Da za ta fita ma a hankali ta ja ƙofar. Da ma bugo ta ta yi, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi.

Wannan littafin don lissafi na saye shi. Shekara talatin ina koyar da kimiyyar kwantum, wato ta abubuwan da suka fi ƙanƙanta a duniya, ban taɓa zuba abin da ke cikina a takarda ba. To ga shi, tsufa ya zo da nasa salon.

Ruwan shayin mutum biyu na ɗora. Sai da ya tafasa na tuna.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:40 na rana

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na gan shi sarai. Wata cibiyar bincike a can nesa ta ba Uwata gurbi na shekara huɗu. Sharaɗinsu ɗaya ne: ta nuna shaidar cewa muƙalar da muka rubuta tare ta isa hannun mujalla kafin Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma. Sunanta ne a farko, nawa a ƙarshe, kuma ni ne mai aikawa. Abin da ta gani a kwamfutata ranar Alhamis ba zan rubuta shi nan ba. Ta gani, shi ke nan.

Yau darasin ratsa katanga na yi wa 'yan aji uku. Na zana rijiya a allo, na saka elektron, ɗan mitsitsin abin nan na cikin ƙwayar zarra, a ciki, na ce musu ba shi da ƙarfin da zai haura. A hankalin kowa zama ya kama shi har abada. Amma ƙananan abubuwa ba sa bin hankalin kowa. Kaɗan-kaɗan yake sulalewa ta cikin katangar, ba tsalle ba ƙofa, wata rana ka leƙa ka tarar ba ya nan.

Tsohon lissafi, wanda muke kira Hamishiyan, marowaci ne. Ba ya yarda ko ƙwaya ta ɓace masa, ka tara na ciki da na waje kullum ɗaya cif za ka samu. Namu ni da Uwata ba Hamishiyan ba ne. Cikin rijiyar kawai muke kallo, mu yarda cewa abin yana raguwa. Sai mu maƙala wa ƙarfin elektron ɗin wata 'yar wutsiya mai lambar i, da alamar debewa a gabanta, ita ke auna saurin zubar. Uwata ce ta raɗa masa suna lissafi mai yoyo, har sunan ya bi shi a sashenmu.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, to in ya fita ina yake zuwa?"

Na ce, "Ba ruwanmu. Lissafinmu a bakin katanga ya tsaya."

"Amma dai yana nan a wani wuri?"

"Yana nan lafiya lau. Mu ne dai ba ma ganinsa."

Na juya na goge allon da ban ma gama amfani da shi ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ba ta kira ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Na buɗe aikin, na sa kwamfuta ta sake zana sakamakon. To madalla! Layin da ya kamata ya gangara ƙasa sai ga shi yana hawa sama. Wato maimakon elektron ya riƙa raguwa a cikin rijiya, ƙaruwa yake yi, har ya zarce ɗaya, abin da ba ya yiwuwa a duniyar Allah. Ashe akwai matsala. Ashe ba banza na riƙe aikin ba.

Ni ba zan aika aiki mai kuskure da sunana a kai ba, ko da na waye. Abin da na daɗe ina faɗa wa ɗalibai ke nan, kuma 'yar cikina ba ta fi su ba. In ta ga wannan layin za ta gane cewa ubanta ba mugu ba ne, mai taka-tsantsan ne kawai.

Na ci abincin rana da daɗi yau, karo na farko a mako guda.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je gidan Yaya, gwaggon Uwata. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni, shi ya sa har yau kallon ɗan goye take yi mini duk da furfurar da ke kaina. Na tafi da zanen a aljihu, na naɗe shi huɗu.

A falo ta zaunar da ni. Ƙofar ɗakin baƙi a rufe, fanka na juyawa a ciki. A igiyar shanya ta tsakar gida na ga shuɗin mayafin Uwata, wanda ya ɗan ƙone a gefe ranar da ta bar dutsen guga a kansa tana warware wani lissafi.

Na ce, "Yaya, a kira mini ita. Akwai abin da zan nuna mata."

"Me za ka nuna mata?"

Na warware takardar. Yaya ta sa tabarau, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta miƙo mini abina. "Ni ban yi karatunku ba. Abin da na sani, wata huɗu kana ce wa yarinya ka aika, tana ta duba waya safe da yamma tana jiran amsar mutane. Ashe abu yana kwance a kwamfutarka kamar kazar da ke kan ƙwai."

"Akwai kuskure a ciki, Yaya."

"Yaushe ka ga kuskuren?"

"Shekaranjiya."

"To sauran wata ukun da mako uku fa, me kake jira?"

Na naɗe takardar na mayar aljihu. Ta tashi ta kawo mini ruwa, ta ce in sha in tafi tun hanya ba ta cushe ba. Ina ɗaura takalmi na ji tari ta bayan bangon, irin ɗan gajeren tarin nan da take yi in fanka ta yi mata yawa. Bangon nan bai fi tafin hannu kauri ba. Na ce wa Yaya a rage mata fankar. Ta ce an ji.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na shiga ɗakinta da sunan buɗe taga. Ƙaramin allon da na kafa mata tun tana sakandare yana nan da rubutunta, rabin layi, ba ta ƙarasa ba. Haruffanta a kwance suke gefen dama kamar na marigayiya mahaifiyarta. Na san yadda layin zai ƙare, na ma ɗauki alli, sai na ajiye.

Kewarta nake yi. Na rubuta, ba wanda ya mutu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Saƙo ya shigo: "Baba, ina kwana. Ka sha maganinka."

Shi ke nan, ba ƙari. Na karanta shi ya fi sau ashirin, ina neman wani abu a tsakanin kalmomin. Na rubuta mata amsa doguwa, da bayanin layin da ke hawa, da tarihin yadda na yi dawainiya da karatunta, har da abin da mahaifiyarta za ta ce da tana raye. Na karanta, na ji kunyar kaina, na goge. Na aika: "Na sha."

Ban sha ba a lokacin. Na tashi na sha don kada ƙaryar ta zama biyu.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Layin yana nan yana hawa. Na bi lissafin shafi-shafi, ban ga komai ba. Saura kwana tara.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Sarkin Alli ya leƙo ofishina. Abokin aikina ne, tare aka ɗauke mu, ofishinsa na jikin nawa. Ɗalibai suka sa masa sunan saboda ba ya fita daga aji sai rigarsa da girarsa sun yi fari fat.

"Mutumina, ina Ƙaramar Farfesa? Kwana biyu ban ji tana gyara maka lissafi ta bango ba."

Na ce tana hutawa gidan gwaggonta.

Ya dubi kwamfutata, ya dubi fuskata. "Wannan layin naka ina za shi? Sama zai kai mu?"

"Wata 'yar matsala ce. Ina kanta."

"Kawo in duba maka. Ido huɗu ya fi biyu."

Na ce ya bari, na kusa. Ya yi dariya ya ce wanzami dai ba ya son jarfa, ya fita ya bar mini tambarin yatsunsa biyar na alli a kan teburi. Mutumin nan da surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Amma da ya tafi sai ofishin ya yi mini faɗi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Tana shekara bakwai na taɓa gaya mata cewa in ka yi ta jifan bango da ƙwallo, a lissafi akwai yiwuwar wata rana ta ratsa ta wuce. Wasa nake yi. Washegari na dawo daga aiki na tarar da ita a bayan gida, gumi sharkaf, tana jifa tana ƙirgawa, ta kai ɗari huɗu da wani abu. Mahaifiyarta ta ce, "Ga aikinka nan, sai ka zo ka kwashe." Na durƙusa na ce mata, Uwata, ko za ki yi ta jifa har duniya ta naɗe ba za ki gani ba, ƙwallo ta yi girma da yawa. Ta share goshi ta ce, "To a samo mini ƙarama."

Tun ranar na san kanta ya fi nawa. Na yi ta alfahari da hakan a gaban mutane. Ban taɓa zama na yi tunanin inda irin wannan kan yake kai mai shi ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na je kasuwa na sayo lemon da take so. Ni ba na shan sa, haƙorana ba sa ɗauka. Yana nan a kwano.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 3:15 na rana

Saura kwana huɗu. Na kwashi aikin duka, takardu da shirin kwamfutar, na kai wa Sarkin Alli. Bai tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi in rufo masa ƙofa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Ko minti goma bai ɗauka ba, in ji Sarkin Alli. Ya bari ne sai da safe don in yi barci.

Ya shigo ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ɗora yatsa a kan layi na arba'in da ɗaya na shirin kwamfutar. Gaban 'yar wutsiyar nan mai lambar i, inda alamar debewa ya kamata ta zauna, alamar tarawa ce.

"Ka ga abinka. Da debewa, abu fita yake yi. Da tarawa, ka ce wa lissafi abin da ke waje ya riƙa shigowa ciki. Dole layi ya hau."

Na ce, "Yarinta ce. Ta yi gaggawa."

Sai ya buɗe tarihin gyare-gyaren da kwamfuta ke ajiyewa. A kwafin Uwata na asali debewa ce, tsaf, babu ko ɗigo a karkace. An canza ta wata huɗu da suka wuce, ƙarfe tara da rabi na safe, daga kwamfutar ofishina. Na duba ranar. Washegarin ranar da wasiƙar cibiyar ta iso ce, ranar da na ce mata zan bi aikin layi-layi kafin in aika.

Wallahi ban tuna na yi ba. Na rantse masa. Ya ce ya yarda.

"Amma mutumina, ɗan aji ɗaya in ya ga layi na hawa, alamar zai fara dubawa. Kai ka koya mana wannan. Kwana goma sha biyu kana zagaye ta kamar mai zagaye rami a hanya."

Na ce idona ne ya tsufa.

Ya ce, "Idonka lafiyarsa ƙalau." Ya dafa kafaɗata ya fita. Har yanzu ban kakkaɓe allin ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Na mayar da alamar. Layin ya gangara sumul, yadda ta zana shi tun farko. Aikin ba shi da aibu ko ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya ɓata mini rai haka ba.

Laraba, ƙarfe 5:45 na yamma

Ban aika ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Yaya ta kira, ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Kai, saurara. Jiya na ce mata ta cire sunanka ta aika abinta, tunda aikinta ne. Ka san me ta ce? Ta ce rabin tunanin naka ne, ba za ta fara tafiya da sata ba. Yanzu haka tana ɗaki tana rubuta wa mutanen nan wasiƙar ban haƙuri, wai su ba wani gurbin."

Na ce, "Ta aika?"

"Ta ce sai gobe in biyar ta wuce. Har yanzu jiranka take yi, sakarya, irin ubanta." Ta ja numfashi. "In abin da kake so ke nan, ka samu. Za ta dawo gidanka, ta dafa maka shayi, ta ce ina kwana Baba. Amma ni na ga idonta, kai ba ka gani ba. Wadda za ta dawo maka ba ita ce ta fita ba."

Ta kashe wayar. Na zauna riƙe da tawa har aka ƙwanƙwasa aka ce ɗalibai na jirana. Ban san abin da na koyar ba yau.

Abin da nake so ke nan? Eh. Wata huɗu abin da nake so ke nan. Ina so in ji motsinta a ɗakin can, in ji ta tana faɗa da kwamfuta, in dawo in tarar an kunna fitilar falo. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu ne. In ta tafi ni ɗaya ne, kuma na iya lissafi, na san shekaruna da shekara huɗu in aka haɗa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na buɗe shafin mujallar. Na rufe.

Juma'a, ƙarfe 4:35 na yamma

Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa yau na fafe. Shafin ya nemi abubuwa goma sha ɗaya, kowanne da irin girman da yake so. Zane na uku ya ƙi hawa. Na buga bango na kira Sarkin Alli, ya zo a guje da alli a hannu, muka yi ta fama kamar tsofaffi biyu na tura mota. Ƙarfe huɗu da minti goma sha takwas na danna. Sai da na danna sau biyu kafin ya tafi.

Shaidar ta shigo, da lambarta, da sunanta a farko. Na tura mata. A ƙasa na rubuta: "Aikinki ba shi da kuskure, bai taɓa yi ba. Ni ne ba na so ki tafi. Ki yafe wa ubanki."

Sarkin Alli ya ga ina share tabarau, ya ce ƙurar alli ce, haka take yi wa kowa.

Juma'a, ƙarfe 6:20 na yamma

Ta kira. Ina jin fankar gidan Yaya ta cikin waya.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Na tura musu. Sun amsa. Sun ce in zo nan da mako biyu."

Na ce Allah ya sa albarka, kuma har cikin raina na faɗa.

"Baba, ka san shekara huɗu ne."

"Na sani."

"Kuma in aikin ya yi kyau, ba lalle in dawo da zama ba. Ba na so in yi maka ƙarya."

Wannan ta shige ni, don na san inda ta dosa. Na ce, "Na sani. Ki je."

Sai ta fashe da kuka, ni ma ban tsaya jin kunya ba. Can na ji muryar Yaya daga nesa tana cewa mu biyun duk ba mu da aikin yi. Da Uwata ta lafa ta ce gobe da hantsi za ta zo ta fara haɗa kaya, in sauko mata da babban akwatin mahaifiyarta da ke kan kabad.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Na hau kujera na sauko da shi. Ya fi yadda na tuna nauyi, ko kuwa ni ne na rage ƙarfi. Na goge shi ciki da waje, na shanya shi a rana ya sha iska.

Zip ɗin ya cije a kwana, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na tsaya ina kallonsa na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Sannan na nemo guntun kyandir na goga masa haƙori-haƙori, na ja shi ya kai sau goma. Yanzu yana rufewa ba gardama, ko da hannu ɗaya za ta iya.

Ga sallamarta can a bakin ƙofa.